Mai Shuɗiyar Riga a Dutsen Penang

A jirgin ruwan da ke tsallakawa George Town, babban birnin tsibirin Penang, ne Walida ta tabbatar bin su ake yi. Tun a tashar jirgin ƙasa ta Kuala Lumpur ta fara ganin mutumin, baƙar fata, dogo, da shuɗiyar riga da takunkumi a fuska. Yanzu ga shi can jingine, wai teku yake kallo.

Walida ɗaliba ce a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, ranakun hutu takan zagaya da baƙi Hausawa 'yan gida. Wannan aikin ta waya ya zo. Wani Alhaji Muntasir ya ce mahaifiyarsa ta zo ganin likita, a ɗauke ta a masauki a kai ta Penang ta ga teku da dutse, shi ba zai iya zama kusa da ita ba.

Hajiya Hureira ba ta da rigima. Ta yaba gidajen katakon da aka kafa a kan ruwa, ta yi azahar a tsohon masallacin Kapitan Keling, ta tambayi sunan garin har sau uku. Duk inda suka tsaya, mutumin na bayansu da kamar taku ashirin.

A layin da ake zane a bango Hajiya ta hango shi. Ta damƙe hannun Walida.

"'Yata, wancan mutumin ya addabe ni. Har a asibiti ina ganinsa."

Walida ta kira lambar Alhaji. Sau biyu ana katsewa.

Ta ja Hajiya zuwa ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawa Bukit Bendera, dutsen da ke bayan gari. Ƙofa na shirin rufewa mutumin ya faɗo ciki. Jirgin ya miƙe sama cikin kurmi, babu wurin sauka.

A ƙololuwa, inda ake hango tashar jiragen ruwa can ƙasa, Walida ta zaunar da Hajiya kusa da mai gadi. Ta nufi mutumin, ta ce masa da Turanci ko ya faɗi abin da yake nema, ko ta kira 'yan sanda.

Ya sauke takunkumin. Idanunsa sun yi ja. Da Hausa ya amsa, da muryar da ta sani a waya.

"Yi haƙuri, ƙanwata, ni ne Muntasir. Shekara biyu ke nan Hajiya ba ta gane ni, in na matso kuka take yi."