Saura Gwaggo

Ungulaye ne suka fara sanar da Eliaser, tsohon mai bin sawu da ke gadin karkanda. Tun daga gindin tsauni ya hango su suna shawagi. Da ya isa idon ruwan da suke kewayawa sai ya tarar da namijin karkandan a kwance, ƙudaje sun rufe inda ƙahonsa yake a da. Allah sarki, ko ganyen da ya ɗora a tarin duwatsun bakin kwazazzabon ran da ya gan shi da rai bai gama bushewa ba.

Saura Gwaggo ke nan. Ita ce karkanda ta ƙarshe a tsaunukan da ke bayan busasshen kogin Huab, masu bin sawu ne suka raɗa mata sunan saboda masifarta. Tana da tsohon ciki, uban cikin kuwa shi ne wannan da ke kwance.

Abin da ke ci wa Eliaser rai shi ne, tsaunukan nan ba wurin baƙo ba ne. Kwazazzabai birjik, duk kamarsu ɗaya, dutse ba ya riƙe sawu, ga fari ya ƙone komai ƙurmus. Wanda bai san idanun ruwa ba, ƙishirwa za ta gama da shi kafin ya ga ko kashin karkanda. Amma sai ɓarayin ƙaho su taso daga birni, su miƙe sambal har inda dabbar take. Kai, da sakel! Akwai mai nuna musu hanya.

Mutum biyu ne suka san wuraren: shi, sai Festus, mijin 'yarsa Aletta, wanda yake koya wa aikin. Festus kuwa ga shi da sabon takalmi.

"Baba, yayana ne fa ya aiko mini daga garin Khorixas," in ji Festus.

"Yayan naka da ko jaki bai mallaka ba? Ni za ka raina wa hankali?"

Aletta ta fashe da kuka. "Haba Baba! Mutumin da kuke cin tuwo kwano ɗaya?"

"Kwashe shi ku bar mini gida."

Haka suka ɗaure kayansu a amalanken jaki suka tafi, har da jikarsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai kira su ba.

Daga ranar ya koma aiki shi kaɗai. Ba waya, ba jaki, ko matarsa ba ta sanin inda ya dosa. Yana tafe yana share sawunsa da reshe, ya yi gabas in yamma za shi. Tsoho ya rame, ya zama abin tausayi, ga taurin kai kamar na Gwaggon da yake nema.

A wani matsatsin kwazazzabo ya same ta, inda ɗan ruwa ke tsattsafowa daga dutse. Ba ita kaɗai ba: ga jariri yana tangaɗi a tsakanin ƙafafunta. Eliaser ya laɓe bayan dutse, hawaye na zuba, yana ta murmushi shi kaɗai. Da zai fita ya yi godiya yadda kakarsa ta koya masa. Wanda kakanni suka nuna wa alheri ba ya wuce tarin duwatsunsu hannu wofi, ko da 'yan zamani za su yi dariya. Ya karyo ɗan reshe daga bakin ruwa, ya ɗora, ya danne da tsakuwa, sannan ya share sawunsa tas har gida. Wannan karon dai babu Festus, babu kowa.

Ba a jima ba ungulaye suka sake tashi.

Gwaggo a kwance, fuska a sare. Jaririn kuwa kuraye sun riga kowa. Eliaser bai yi kuka ba, kukan ma ya ƙare. Shi ke nan, tsaunukan sun zama duwatsu kawai.

Motar ɓarayin ce ta mutu a cikin yashi, 'yan sanda suka damƙe ɗaya. Eliaser ya taka har can don ya ga maharbin da ya fi shi sanin dutse. Sai ya tarar da wani siririn ɗan birni, hannu luɓus, leɓe duk ya tsattsage.

"Festus ne ko?" in ji Eliaser.

"Wane ne kuma Festus?"

"To uban wa ya nuna muku hanya?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. "Tsoho, mu ko sawun saniya ba mu iya bi ba. Tarin duwatsun nan kawai muke dubawa. A ƙasar da komai ya ƙone, ai kore daga nesa ake hango shi. Duk inda muka ga ɗanyen ganye, nan muke shiga. Ban san bawan Allahn da ke ajiye shi ba, amma bai taɓa ɓatar da mu ba."