Jan Man da Ya Ƙi Tsayawa

Ɗan juyi kaɗan Inna ta yi wa kilif ɗin da ke matse bakin tiyo da sukundireba, ta rufe bonet, ta goge hannu da bakin zani, ta koma ɗaki kamar ba ita ba.

Ta san abin da ta taɓa. Macen da ta tsufa tana riƙe wa direba tocila ba a koya mata cikin mota. Tiyo biyu ne ke ɗaukar man giya, jan nan, daga giyabos, su kai shi lagireto ya huce, su dawo da shi. A sassauta bakin ɗaya daga cikinsu, inji na tashi jan mai zai fara ɗiga a siminti. Ta kuma san mijinta: Direba ko da wuƙa a wuya ba ya fita da motar da ke yoyo.

Ba mugunta ce ta sa ta ba. Idon Direba ne ke tafiya, shi kuma ya ƙi yarda. Ya gogi ƙofar gareji, ya ce iska ce ta turo ta. Ya yi wa turken lantarki sallama, ya ce tsokana yake yi. Kuma kowace safiya shi ke kwasar jikoki zuwa makaranta, ta babban titin nan da tireloli ke gudu kamar an koro su. Da ta yi masa magana sai ya ce ya riƙe sitiyari tun ba a haifi likitan da take son kai shi wurinsa ba.

Washegari ya ɗuma inji kamar kullum. Har zai ja, ƙaramar jikar ta ce, "Kaka, motarka tana jini." Ya sauko, ya shafa ƙasa, ya shinshina yatsa, ya daɗe a tsugune. Ranar maƙwabci ne ya kai yara.

Aka kira ƙanin Inna, bakanike, wanda kowa ke ce wa Dogo. Shi ya sa tiyon nan da hannunsa bara. Ya ɗaure kilif yana ta ba da haƙuri, wai sakacinsa ne. Inna ta miƙa masa ruwa, idonta a ƙasa. Da ya tafi ta wurga sukundireban bayan kabad, ta ce da kanta ba ta ƙarawa.

Da safe sai ga jan mai kuma.

Dogo ya cire tiyon roba ya sa sabo. Yoyo. Ya canza na ƙarfen, ya sake kilif, ya wanke ƙasan motar tas. Yoyo. Ya tafi da ita garejinsa, ya ɗora ta kan rami, ya bar inji yana aiki har ya ɗauki zafi, shi yana ƙasa da fitila wuyansa ya ƙage. Ko ɗigo. A dawo da ita gida ta kwana, a tashi a ga jini.

Direba kuwa ya samu abin yi. Ya aika aka sayo masa galan na man giya, wai na ƙari. Ya fitar da kujera ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya ji cewa ƙanin matarsa tsawo kawai Allah ya ba shi, sifana a hannunsa da cokali duk ɗaya. Dogo ya ce to a kira wani bakanike, bai ƙi ba. Direba ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Duk da wannan takaici, cin abincinsa ya buɗe, barcinsa har da minshari.

Maƙwabci ya ci gaba da kai yara. Abin da Inna ta nema ke nan, amma bai yi mata daɗi ba. Magana ta zaga unguwa, masu motoci suka fara janye jiki daga garejin Dogo. Mutum ya rame, idanu suka faɗa. Wata rana ya same ta a kicin, ya jingina da bango.

"Yaya, na rasa gane kan motar nan. Awon mai bai sauka ba. Kuma na ƙasan ma ya fi na cikin kyau."

Ta ce ai mai gidan yana ƙarawa ne, ta juya tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. A ranta kuwa ta gama yanke hukunci: ranar nan ta tsaga wani abu a bakin lagireto, inda ido ba ya kai wa. Yaron da ta goya a bayanta, yau ita ce ta cinye masa suna, ta bar shi yana ba ta haƙuri.

Ba za ta iya ci gaba da ɓoyewa ba. Gara Direba ya san gaskiya, ya yi mata duk abin da zai yi. Abin da ke yanka ta shi ne, daga ranar da ya sani zai ɗauki makulli, ya zuba yaran a baya, ya hau titin nan.

Da sassafe ta zaro sukundireban daga bayan kabad, ta nufi gareji tana shirya maganar da za ta fara da ita. Ƙaramar ƙofar a buɗe take. Direba na durƙushe a gaban motar, yana lalubar bamba da tafin hannu har ya kai daidai lagireto. Tausayinsa ya kama ta: tsoho da ciwon gwiwa, yana neman ɓarnar da matarsa ta yi.

Ta tsaya a bakin ƙofa, gari ya waye sarai, tazararsu ba ta wuce tsawon motar ba. Ya ɗago ya waiwaya hagu da dama, kamar mai gudun a kama shi. Idonsa ya sauka a kanta, ya wuce.

Da ya tabbatar ba kowa, sai ya jawo galan daga ƙarƙashin rigarsa, ya kwance murfin, ya fara tsiyaya sabon jan mai a siminti.