Mayafin Mai Tuyar Injera

Ranar da aka ci Sarkin Sarakunan Habasha da yaƙi, aka ɗaure shi a kasuwar Gondar, aka tura masa injera, wainar Habasha, don jama'a su sha kallon yadda yake ci. Tun hawansa mulki, sai a bayan labule yake cin abinci, domin a al'adar ƙasar ba a ganin sarki yana ci.

Tsohuwar da ke masa tuya ta ratsa taron, ta ware mayafinta ta kare shi.

"Iya, matsa!" in ji sojan da ke gadinsa. "Sarautarsa ta ƙare."

"Ɗan nan, shi kuka kayar, ba Habasha ba. Kama min gefen nan, hannuna ya gaji."

Sojan ya waiga, ya ga kowa ya sunkuyar da kai. Ya jingine mashinsa, ya kama.