Reza a Bayan Rumbu

Rubuta, ɗan nan. A Ƙarfi aka yi wannan.

Labo ya dawo daga gonar auduga, sai ya tarar da matarsa, wadda ake kira Baturiya, a bayan rumbu da reza, ta fara tsaga damtsenta. Nan ne likita ta sa mata ashanar tazarar haihuwa, bayan naƙudar da ta kusa kashe ta.

Ya yi wurgi da fartanya, ya cafke rezar da tafin hannunsa. Jini ya tsiyayo.

"Sake ni, Baban Hajo! Innarka ta ce na toshe maka zuriya. Gaban mutane ta faɗa!"

"Ita likita me ta ce?"

Ta kau da kai. "Wai in na yi ciki yanzu, gawata za a ɗauko."

"Shi ne za ki mutu ki bar ni da 'yarmu Hajo?"

Ta fizga, ya ƙara damƙewa, rezar tana shiga namansa.

"Ja mana," in ji shi. "Sai kin yanke yatsun nan kafin ki ciro ta."

Ta dubi jinin, ta dube shi. Sai ta saki. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun, tana kuka tana yi masa faɗa.