Na'urar Murya Uku

Shago na huɗu ke nan Tanimu yana nema wa mahaifiyarsa, Inna Kande, na'urar ji.

Mai shago ya ce, "Wannan dubu arba'in, za ki ji kowa. Wannan dubu goma, muryar mutum uku kawai ke shiga, saura shiru. Da bakinki za ki faɗa mata sunayensu."

Tanimu ya maimaita mata da ƙarfi. Inna ta cafke mai arha. Ta ambaci jikarta Hindatu, ta ambaci aminiyarta Laraba. Sai ta dubi Tanimu, ɗanta na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ta ta kira sunansa ba.

"Haba Inna, sau ɗaya!"

Ta sunkuya, ta raɗa wa na'urar, "Wannan yaron."

Tanimu ya kwashe da dariya. "Malam, miƙo ta dubu arba'in."