Muryar Baba Jatau a Bakin Tukunya

Tun da aka haɗa rajistar 'yan makaranta da ta masu karɓar tallafi, tukunyar makaranta ce ke gane yaron da za a zuba wa abinci. In gidansu na cikin mabuƙata, sai murfi ya buɗe. Ladidi kuwa kullum da kwanonta wayam take komawa gida.

Ran nan kakanta, Baba Jatau, ya jawo ta har gaban tukunyar, yara na kan layi.

"Wa ya hana jikata abinci?" in ji shi. "Ni da yunwa ta kwashe sa'o'ina kaf, ta bar ni daram!"

Uwani mai rabon abinci ta ce, "Baba, ba ruwana. Bari tukunyar ta faɗa maka da kanta."

Ta taɓa murfin. Sai ga muryarsa daga cikin tukunyar, ta ranar da ma'aikatan tallafi suka je gidansa: "Ku tafi da abinku! Gidan Jatau ba ya cin sadaka!"

Yara suka tuntsire da dariya. Ladidi ta sunkuyar da kai.

"Gyaran ba wuya," in ji Uwani a hankali. "Ka ce mata kuna buƙata."

Ya duƙa, ya raɗa wa murfin.

"Ba a ji ba," in ji tukunya.

Ya dubi wuyan yarinyar, ya ga yadda ya sirance. Sai ya miƙe, ya faɗa da muryar nan tasa da ake ji har bakin kasuwa. Murfi ya buɗe. Bai tsaya ganin abin da aka zuba ba.