Kututturen Tsamiya

Abdulgani ya buɗe ƙofar sabon gidan da ya saya a rukunin gidajen bayan Kalgo, bakinsa har kunne. Ummulkhairi, wadda zai aura bayan salla, ta zo tun daga Gwandu don ganin inda za a yi mata jere.

Ko kallon tayil da tagogin gilashi ba ta yi ba. Idonta ya kafe kan wani kututturen tsamiya a gindin katanga, ga sabon ramin masai dab da shi.

"Wa ya haƙa nan?"

"Ni na sa. Ai nan rugarku take kafin a tashe ku. Don ke na zaɓi wanga gida, in maido ki ƙasarku."

Ta matsa bakin ramin. A ƙarƙashin tsamiyar nan aka binne Innarta.

"Da suna haƙa, mi suka tono?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta san sanda ta rarumi guntayen bulo ta hau jifa ba. Na farko ya tarwatsa taga. Na biyu ya same shi a goshi, jini ya wanke masa gaban shadda.

"Wallahi na zaci ƙasusuwan na saniya ne, Ummu! Ki tsaya..."

Ta durƙusa, ta ɗibi jar ƙasar ramin ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta miƙe ba ta dube shi ba.

"Je ka nemo wadda za ta iya tsuguno a kan uwata. Ba dai ni ba."